Yadda Ake Gano Sunan Kimiyya na Shuka, Daga Daji Zuwa Takardar Ajiya

Kusan kowane zangon karatu sai tambaya iri ɗaya ta sake zuwa mini, musamman daga ɗaliban shekarar ƙarshe a sassan nazarin halittu, haɗa magunguna da aikin gona. Ɗalibi ya samo ganye ko sassaƙe daga hannun mai maganin gargajiya, an faɗa masa sunansa da Hausa, yana son a ba shi sunan kimiyya ya sa a kundin bincikensa. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba, domin sunan kimiyya ba fassarar sunan Hausa ba ne. Hukunci ne da ake yankewa a kan shukar da ke hannu bayan an duba ganyenta da furenta da 'ya'yanta, sannan a ajiye samfurin da aka yi hukuncin a kansa yadda wani zai iya zuwa ya sake dubawa.

Sunayenmu na gida suna da amfani, amma ba su isa hujja ba. Gwanda da gwandar daji ba dangin juna ba ne, haka dankalin Hausa da dankalin Turawa. Itatuwa biyu daban ake kira kalgo, alhali itace ɗaya ne wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina.

Kalmomin matakan rabe-raben shuke-shuke da zan yi aiki da su, daga babban mataki zuwa ƙarami, su ne masarauta, reshe, aji, rukuni, dangi, jinsi da nau'i, waɗanda a Latin ake rubutawa Regnum, Divisio, Classis, Ordo, Familia, Genus da Species. Ukun ƙarshe ne ke cin lokaci, kuma a kansu yawancin aikin yake.

1. Haɗa kayan aiki

Abu na farko shi ne matsi, wato abin da ake danne samfuri a ciki har ya bushe. Kafinta zai iya haɗa shi a yini ɗaya: firam biyu na siraran katako da aka gicciya kamar raga, kowanne faɗin santimita 30 da tsawon santimita 45. Kada a yarda ya yi shi da falankin da babu ƙofofi, domin iska ce ke busar da samfuri, ba nauyi ba. Za a buƙaci tsofaffin jaridu masu yawa, da kwalaye da aka yanka daidai girman firam ɗin, da igiya biyu ko robar tsohon tib ɗin babur don ɗaurewa. Sai almakashin yankan reshe, ƙaramar fartanya don tono saiwa, safar hannu, ma'auni mai santimita, ambulan na takarda don 'ya'ya da iri, ƙaramar kwalba mai murfi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, littafin rubutu mai kaurin bango, da fensir. Wayar hannu za ta ɗauki hoto, ta kuma ba da lambobin wurin da ake tsaye.

Abin da ba shi da madadi shi ne ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10, wanda ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje. Yawancin abubuwan da ke raba nau'i da nau'i, kamar gashin bayan ganye ko adadin zaren fure, ido kaɗai ba ya ganinsu sosai.

Ta fuskar kuɗi, kwali da igiya kusan kyauta ne, jarida kuwa sai an yi da gaske, domin masu tsire da masu ƙosai sun riga kowa sanin darajarta. Inda kuɗi ke tafiya shi ne kuɗin mota zuwa daji, wanda sau da yawa sai an koma sau biyu ko uku, sai ladan ɗan jagora, gilashin ƙara girma, farin kati na mannawa, da kuɗin da ma'ajiyar shuke-shuke ke karɓa don tantancewa. Wannan na ƙarshe ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka a tambaya tun kafin a tsara kasafi.

2. Zaɓen lokaci da neman izini

Tsarin rabe-raben shuke-shuke masu fure an gina shi ne galibi a kan fure da 'ya'ya, saboda haka wanda ya je daji lokacin da shuka ba ta da ko ɗaya daga ciki ya yi rabin tafiya ne. Ciyayi da ƙananan tsirrai sun fi kyau a ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin da fure da iri ke tare a jiki ɗaya. Itatuwa kowanne da lokacinsa. Ɗorawa tana fitar da jajayen tutunta da rani. Kuka tana tsaye tsirara duk rani, sai gab da damina take yin ganye da fararen furanni masu rataya, waɗanda ke buɗewa da yamma saboda jemagu, kafin rana ta yi nisa washegari sun fara baƙi. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka mai nemansa a watan Agusta zai tarar da ƙaya da rassa kawai. Manomi ko makiyayin yankin ya fi kowane littafi sanin makon da itace ke fure, a tambaye shi.

Gargaɗi: kada a shiga gonar mutum a yanki reshe ba tare da an gaya masa ba, kuma a ƙauyen da ba a saba ba a fara da gaida mai unguwa. Wuraren da gwamnati ta keɓe, irin su Yankari a Jihar Bauchi, sai da izinin hukumar da ke kula da su. Dajin da mutanen gari suka ce ba lafiya, a haƙura da shi, a nemi shukar a wani wuri.

3. Rubutu kafin yanka

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ba a iya gyarawa daga baya. Kafin almakashi ya taɓa shuka, a buɗe littafi a ba ta lamba. Lambar tana bin sunan mai tarawa a jere, 1, 2, 3 har iya rayuwarsa, ba a maimaita ta ko da samfurin ya lalace an zubar. A rubuta kwanan wata, tare da rubuta sunan watan da harafi don kada 3 ga Mayu ta rikice da 5 ga Maris. A rubuta ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙauye mafi kusa da lambobin wurin daga waya, sannan irin ƙasar: fadama ce, jigawa, tudu mai tsakuwa, bakin rafi ko suri.

Daga nan sai duk abin da bushewa za ta ɓatar. Itace ne, ko ƙaramin tsiro, ko mai yaɗo? Tsayinsa mita nawa a ƙiyasi? Yaya launin fure yake yanzu, tun da yawancin furanni suna komawa ruwan ƙasa a cikin matsi? Idan an murza ganye yana da ƙanshi ko wari? Idan an karya reshe yana fitar da farin ruwa kamar madara, ko ruwa garai-garai, ko ƙaro? Yaya ɓawon yake, kuma wane launi ke bayyana in an ɗan sare shi? Idan shukar mai cin jikin wata ce, kamar kauci a kan kaɗanya ko wuta-wuta a gindin dawa, a rubuta wace shuka ta hau. A ƙarshe a rubuta sunan gida, da harshen da aka faɗe shi, da garin da aka ji shi.

A ɗauki hoton shukar gaba ɗaya, da ɓawo, da saman ganye da bayansa, da fure daga gaba da gefe, tare da ma'auni a cikin hoton.

Gargaɗi: da fensir ake wannan rubutu. Biro yana narkewa da raɓa, zufa ko sifirit.

4. Ɗebo samfuri

Daga itace, a yanki reshe mai tsawon kamar santimita 30 wanda ke ɗauke da ganyayyaki manne a jikinsa, da fure ko 'ya'ya, in da hali duka biyun. Ganyayyakin da aka tsinke ɗaya-ɗaya ba su da amfani, domin yadda suke jere a kan reshe, suna fuskantar juna ko suna karɓa-karɓa, yana daga cikin tambayoyin farko da za a fuskanta. Ƙaramin tsiro da ciyawa kuwa a tono su har saiwa, a karkaɗe ƙasar. A ɗebi aƙalla uku daga shuka ɗaya a ƙarƙashin lamba ɗaya: ɗaya na ma'ajiya, ɗaya na mai tarawa, ɗaya na farkewa lokacin dubawa. A jefa furanni kaɗan cikin kwalbar sifirit tare da guntun takarda mai lambar, domin furen da bai bushe ba ya fi sauƙin buɗewa.

A guji reshen da ya toho daga kututturen da aka sare, da kuma ganyen ƙaramin dashe, domin sau da yawa ba su kama da na babban itace. Ƙaramar kuka ganyenta guda ne wanda bai rabu ba, sai ta girma yake rabuwa kamar yatsu. Akwai kuma shuke-shuken da namiji daban mace daban, kamar dabino, giginya da goruba, waɗanda ya kamata a samo daga kowane ɓangare, kowanne da lambarsa.

Gargaɗi: farin ruwan tumfafiya da na tinya suna da haɗari ga ido, zaƙami kuma guba ne. A sa safar hannu, kada a shafa fuska, kada kuma a ɗanɗana abin da ba a sani ba don wai a ji ɗacinsa. Idan binciken na magani ne, a ɗebi sassaƙe ko saiwar da za a yi gwaji da ita daga wannan itacen da aka yanki samfurin, a rana ɗaya. Garin magani da aka saya a kasuwa babu wanda zai iya rantsuwa a kan ko na wace shuka ne.

5. Matsewa da busarwa

Mafi kyau a matse a nan daji. Tsamiya, bagaruwa da 'yan uwansu suna rufe ƙananan ganyayyakinsu jim kaɗan bayan an yanke su, kuma in sun rufe da wuya su sake buɗewa. Idan dole ne a ɗauko zuwa gida, a sa a babbar leda a ajiye a inuwa, kada ta kwana, kada kuma a bar ta a bayan mota cikin rana, domin samfurin dahuwa zai yi.

A shimfiɗa reshen cikin jarida mai ninki biyu, a baje ganyayyaki kada su hau kan juna, a juya ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama. Ciyawar da ta fi takarda tsawo a lanƙwasa ta sau ɗaya ko biyu maimakon a datse ta. 'Ya'ya masu kauri a tsaga su, ko a busar da su daban cikin ambulan mai lamba. A rubuta lambar a jikin jaridar. Sai a jera: kwali, jaridu, samfuri, jaridu, kwali, har a gama, a rufe da firam a ɗaure tamau.

A kwana uku ko huɗun farko a sauya jaridu kullum, kuma a sauyin farko ne ake da damar gyara ganyen da ya naɗe. Bayan haka duk bayan kwana biyu ya isa. Da hunturu ƙananan ganyayyaki kan bushe cikin 'yan kwanaki, da damina kuwa sai an dage, domin kwana biyu na sakaci sun isa fumfuna ta cinye komai. A ajiye matsin a tsaye a wuri mai iska da ɗumi, amma kada a fitar da samfurin a shanya shi a rana kamar kuɓewa, zai murɗe ya karye. An gama idan ganye ya daina sanyi a bayan hannu, reshe kuma ya tsaya ƙyam in an ɗaga shi.

6. Daga masarauta zuwa dangi

Yanzu za a fara saukowa mataki-mataki. Masarauta ba ta cika wahala ba, sai dai a tuna cewa laimar kwaɗi ba shuka ba ce, tana da masarautarta ta Fungi. Idan abin yana fure yana 'ya'ya, to yana cikin shuke-shuke masu fure, sai a tambaya: jijiyoyin ganyensa a jere suke kamar layukan kunya, ko sun bazu kamar raga? Masu jijiya a jere, da sassan fure uku-uku da saiwa mai gashi-gashi, su ne ɓangaren gero, masara, albasa da dabino, masu tsirowa da ganyen iri ɗaya. Masu jijiyar raga da sassan fure huɗu-huɗu ko biyar-biyar su ne ɓangaren wake da gyaɗa, masu ganyen iri biyu.

Kafin a ci gaba a tabbatar an san ganye daga ƙaramin ganye, domin nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. A duba hammatar da ke tsakanin ganye da reshe: ganye na gaskiya yana da ɗan toho a nan, ƙaramin ganyen da ke cikin ganye mai rabe-rabe ba shi da shi. Abin da mutum zai ɗauka reshen zogale ne mai ganye ɗari, a gaskiya ganye ɗaya ne.

Dangi shi ne matakin da ya fi dacewa mutum ya haddace, domin 'yan dangi kaɗan ne suka mamaye yawancin abin da za a gani a ƙasar Hausa. Duk mai kwasfa irin ta wake a fara zarginsa da Fabaceae, dangin wake, gyaɗa, tsamiya, ɗorawa, gawo, tafasa da kalgo. Kara mai gaɓa-gaɓa da ganye mai naɗe kara alamar Poaceae ce, dangin gero, dawa da gamba, amma idan aka murza karan tsakanin yatsu aka ji kusurwa uku, to Cyperaceae ne, dangin aya. Mai yaɗo da murɗaɗɗen zaren kamawa da furen namiji daban na mace daban yana nuni ga Cucurbitaceae, dangin duma, kabewa da kankana. Kara mai kusurwa huɗu da ganye masu fuskantar juna masu ƙanshi na Lamiaceae ne, dangin ɗoɗɗoya. Abin da ake gani kamar fure ɗaya alhali tarin ƙananan furanni ne a kai ɗaya, kamar na shuwaka, Asteraceae ne.

Malvaceae ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Alamarsa a kuɓewa, rama, yakuwa da auduga ita ce zaren maza na fure sun haɗe sun zama bututu ɗaya a tsakiya. Tsarin zamani ya shigo da kuka da lalo cikin wannan dangi, abin da ba zai ba matan gida mamaki ba, tun da sun daɗe da sanin yauƙin da ya haɗa miyar kuka, ta kuɓewa da ta lalo. Sai dai karkashi ma yana da yauƙi, alhali shi ɗan uwan riɗi ne a dangin Pedaliaceae. Wannan ya isa nuna cewa ba a yanke hukunci da alama ɗaya, sai alamomi uku ko huɗu sun taru sun nuna wuri guda.

7. Bin mabuɗi zuwa jinsi da nau'i

Mabuɗi jerin tambayoyi ne masu zaɓi biyu-biyu, kowane zaɓi yana kai mutum ga tambaya ta gaba ko ga suna. Ga ƙaramin misali da na tsara don gwaji da itatuwan da kowa ya sani:

1a. Ganye guda ne, bai rabu ba: je 2
1b. Ganye ya rabu zuwa ƙanana: je 3
2a. Ganye mai tsaga biyu kamar kofato, babu ƙaya: kalgo
2b. Manyan jijiyoyi uku daga gindin ganye, akwai ƙaya: magarya ko kurna
3a. Ƙananan ganye biyu kacal, doguwar ƙaya koriya: aduwa
3b. Sun fi biyu: je 4
4a. Sun fito daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu: kuka
4b. Sun jeru hagu da dama: je 5
5a. Rabuwa sau ɗaya: je 6
5b. Rabuwa sau biyu: je 7
6a. Gefen ganye mai haƙora kamar zarto: darbejiya
6b. Gefen ganye sumul: tsamiya
7a. Babu ƙaya: ɗorawa
7b. Akwai ƙaya: je 8
8a. Fure dunƙulalle rawaya: bagaruwa
8b. Fure dogo fari-fari, kwasfa murɗaɗɗiya ruwan lemo: gawo

Gargaɗi: mabuɗi ba ya cewa bai sani ba. Wanda ya shigar da ɗinya cikin wannan zai fito da sunan kuka, maɗaci zai fito tsamiya, ƙirya kuma ɗorawa, domin ba a sa su a ciki ba. Saboda haka a yi amfani da mabuɗin da aka rubuta don yankin da aka tara shukar, a karanta zaɓi biyun duka kafin a ɗauki ɗaya, a auna da ma'auni maimakon ƙiyasi, kuma a rubuta hanyar da aka bi don a iya komawa mararrabar da aka yi shakka. In an isa ga suna, a karanta cikakken bayanin nau'in a gwada shi da samfurin layi-layi.

Babban littafin da ake komawa gare shi a yankinmu shi ne Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda bugunsa na biyu ya fito tsakanin 1954 da 1972, kuma ana samunsa a ɗakunan karatu na tsofaffin jami'o'i. Da Turanci yake, cike da kalmomin fanni, don haka a ajiye ƙamus na kalmomin tsirrai kusa.

A matakin nau'i ne gilashin ƙara girma ke biyan kuɗinsa. Magarya da kurna jinsinsu ɗaya, *Ziziphus*, amma bayan ganyen magarya lulluɓe yake da gashi mai laushi fari-fari, na kurna kuwa kusan sumul ne. Kalgon da ya fi yawa can arewa, *Piliostigma reticulatum*, bayan ganyensa ba gashi, shi kuwa *Piliostigma thonningii*, wanda ya fi son inda ruwa ya fi yawa, ganyensa ya fi girma kuma yana da gashi a baya.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa wajen nuna dangi ko jinsin da za a fara dubawa. Ni dai shawara nake ɗaukar amsarsu, domin hotunan tsirran yankinmu da aka koyar da su ba su kai na Turai yawa ba, kuma sukan ba da sunan wani ɗan uwa na wata nahiya da cikakken ƙarfin gwiwa.

8. Tabbatarwa a ma'ajiyar shuke-shuke

A kai busasshen samfuri da bayanan littafi zuwa ma'ajiyar busassun shuke-shuke, wadda ma'aikata ke kira habariyam. Akwai ta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano, babbar ta ƙasa kuma tana Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Ma'aikaci zai gwada samfurin da waɗanda aka riga aka tantance, ya tabbatar ko ya gyara, ya karɓi kwafi ɗaya, ya ba da lambar ajiya. Wannan lamba, da sunan ma'ajiyar da na wanda ya tantance, su ake rubutawa a kundin bincike. A yi wannan kafin a fara gwaji a ɗakin bincike, ba bayan an ƙarar da kuɗin sinadarai ba.

9. Duba ko sunan yana nan

Sunaye suna sauyawa idan bincike, musamman na ƙwayoyin gado, ya nuna an haɗa waɗanda ba 'yan uwa ba. Tsofaffin littattafai suna kiran bagaruwa *Acacia nilotica*, amma bayan matsayar da taron masana tsirrai na duniya ya ɗauka a Vienna a 2005, aka kuma tabbatar a Melbourne a 2011, sunan *Acacia* ya zauna wa itatuwan Ostireliya, bagaruwa ta koma *Vachellia nilotica*, dakwara mai ƙaro ta koma *Senegalia senegal*. Gawo *Faidherbia albida* ne, tafasa da rai-ɗore kuma sun bar *Cassia* sun koma *Senna*. A shigar da sunan a shafin Plants of the World Online na lambun tsirrai na Kew da ke Landan, wanda kyauta ne, a ga ko karɓaɓɓe ne ko tsohon suna. A rubuta karɓaɓɓen, a ambaci tsohon sau ɗaya don masu neman tsofaffin rubuce-rubuce.

10. Rubuta sunan daidai

Sunan nau'i kalma biyu ne. Ta farko, sunan jinsi, tana farawa da babban harafi, ta biyu duka ƙanana ne ko da daga sunan ƙasa ko na mutum aka samo ta. A kwamfuta ana karkata su, a rubutun hannu ana ja wa kowace layi daban. Sunan wanda ya raɗa yana biyo baya ba tare da karkatawa ba: *Tamarindus indica* L., inda L. ke nufin Linnaeus, masanin da ya kafa wannan tsari na suna mai kalma biyu. Idan an ga suna a cikin baka, kamar *Faidherbia albida* (Delile) A.Chev., na cikin bakan shi ya fara siffanta nau'in a wani jinsi, na wajen kuma shi ya mayar da shi inda yake yanzu. Bayan ambato na farko ana iya taƙaitawa zuwa *T. indica*.

Kalma ta biyu ita kaɗai ba suna ba ce. Tsamiya, darbejiya da mangwaro duk *indica* ne, kamar yadda maɗaci, sabara da gwandar daji duk *senegalensis* ne, kuma babu dangantaka ta kusa a tsakanin masu ɗauke da kalma ɗaya. Idan jinsi kawai aka tabbatar, a rubuta *Ziziphus* sp., idan nau'o'i da yawa ake nufi a rubuta spp., idan kuma ana kyautata zato ba tare da tabbaci ba a sa cf. tsakanin kalmomin biyu. Rubuta sp. ba abin kunya ba ne, kuma masu duba kundi sun fi yarda da shi a kan cikakken sunan da aka yi cinta.

Sunan dangi yana ƙarewa da -aceae, na rukuni da -ales, kuma a rubutun ɗalibai ba a saba karkata su ba. Cikakken jerin tsamiya a tsarin littattafan makaranta shi ne Plantae, Magnoliophyta, Magnoliopsida, Fabales, Fabaceae, *Tamarindus*, *Tamarindus indica*. Matakan sama sukan bambanta tsakanin littafi da littafi, don haka a zaɓi tsari ɗaya, misali na APG IV da ya fito a 2016, a faɗi wanda aka bi, kada a gauraya.

11. Mannawa da ajiya

A ɗora samfurin a kan farin kati mai kauri, kimanin santimita 29 da 42, a bar kusurwar dama ta ƙasa don takardar bayani. A riƙe shi da siraran yankan takarda masu gam, rassa masu kauri kuma a ɗinke su da zare da allura. Kada a yi amfani da salatif, domin zafi yana narkar da gam ɗinsa, ya ɓata ganye, ya kuma saki bayan 'yan shekaru. Duk abin da ya kakkarye, iri ko fure, a zuba shi a ƙaramin ambulan a manna a jikin katin. A takardar bayani a kwafe duk abin da aka rubuta a mataki na 3, a ƙara dangi, sunan kimiyya, sunan mai tantancewa da shekarar da ya tantance.

Ƙwari ne abokan gaba na ƙarshe. A naɗe katin cikin leda a rufe ruf, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla kwana uku a jere, wanda a inda wuta ba ta tsayawa yana nufin a nemi firizar da ke kan sola ko janareta. In an fitar, a bar ledar a rufe har ta daina sanyi don kada raɓa ta sauka a kan ganyen. Daga nan a ajiye katunan a kwance cikin kabad mai rufuwa, nesa da bango da ƙasa saboda gara, a riƙa buɗewa ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta, kuma duk katin da aka ga ɗan gari-gari a ƙarƙashin furensa a mayar da shi firiza a ranar.